Wane gilashin ƙara girma ya dace da duba kaifin wuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai wasa wuƙaƙe ne a Gusau. Yawancin masu kawo mini aiki mahauta ne da masu tsire, sai kuma mutanen gari idan Babbar Sallah ta matso. Abin da ke damuna shi ne, sai in wasa wuƙa har ta aske gashin hannu, amma washegari mai ita ya dawo ya ce ta dakushe tun bai gama fiɗar rago ɗaya ba. Wani maƙwabcina mai gyaran waya ya ce in nemi gilashin ƙara girma in riƙa duba kaifin. Na leƙa kasuwa na ga mai 10x, mai 30x, mai 60x, har da wanda ake haɗawa da waya an rubuta masa 1000x. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Maƙwabcinka ya ba ka shawara mai kyau. Ka sayi mai 10x, irin wanda aka rubuta wa Triplet a jikinsa, wato mai falle uku a manne, ka haɗa da ƙaramar tocila mai farin haske. Wannan zai ɗauke maka mafi yawan buƙatarka. Amma bari in yi maka bayanin dalili, don kada mai shago ya rinjaye ka da babbar lamba.

Lambar nan da ake rubutawa tana da lissafi. An ɗauki santimita 25 a matsayin tazarar da lafiyayyen ido ke duba abu kusa ba tare da wahala ba. Idan aka raba milimita 250 da ƙarfin gilashin, sai a sami tazarar da abu zai tsaya daga gilashin kafin ya fito sarai. Mai 10x yana son milimita 25, kimanin faɗin babban yatsa. Mai 20x yana son milimita 12 da rabi. Mai 30x na gaskiya kuwa milimita 8 da 'yan kai. To ka tuna abin da kake dubawa wuƙa ce, gilashin kuma a manne yake da idonka. A milimita 8, kanka da hannunka sun tare haske, kaifin ya kusa taɓa gilashin, kuma numfashinka kaɗai ya isa ya ɓatar da abin da ka gani. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ƙarfin ya hau, filin da kake gani yana tsukewa. Da mai 10x za ka ga kusan santimita biyu na kaifin a lokaci guda, ka bi wuƙar fawa daga gindi zuwa tsini cikin minti ɗaya. Da mai 30x ɗan guntu kake gani, kuma ko a cikin guntun, gefe guda ya fito, ɗayan ya dushe, saboda fuskar washi a karkace take.

Ba mu kaɗai muka tsaya a kan 10x ba. Masu tantance lu'ulu'u a duniya da shi suke yanke hukunci kan tsabtar dutse, kuma ƙa'idarsu ke nan. Idan ya ishi mai neman ɗigon aibi a cikin lu'ulu'u, zai ishi mai neman giɓi a bakin wuƙa.

Yanzu batun da ya fi ba ni takaici a kasuwa. Akwai ɗan gilashi mai ninkewa cikin murfin ƙarfe da ya cika shaguna, an buga masa 30x21mm ko 40x25mm. Lamba ta biyu faɗin gilashin ce. Waɗannan lambobi biyu ba sa zama inuwa ɗaya. Gilashi mai ƙarfin 30 dole ya zama ƙanƙane mai tsananin lanƙwasa. Ko mai 20x na wasu kamfanonin kirki faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Idan ka ga mai faɗin milimita 21 an ce 30x ne, da wuya ya wuce 10x, wani ma bai kai ba. Kana iya gane gaskiyar a gaban mai shagon. Ka riƙe farar takarda, ka juya gilashin ya fuskanci ƙofa ko taga mai nisa, ka yi ta matso da shi har hoton tagar ya fito tsaf a kan takardar. Ka auna daga tsakiyar gilashin zuwa takardar, ka raba 250 da abin da ka samu a milimita. Idan tazarar da ka auna milimita 25 ce, mai 10x ne, ko me aka buga a jikinsa. Kada ka yi wannan gwaji da rana kai tsaye, tana ƙona takarda, kuma kada ka taɓa kallon rana ta cikinsa.

Ban ce irin wannan mai arahar ba shi da amfani ba. Idan shi aljihunka ya iya, saya, ya fi babu nesa ba kusa ba. Ka dai san abin da ka riƙe.

Bambancinsa da Triplet shi ne wannan. Gilashi mai falle ɗaya yana da aibi biyu. Na farko, tsakiyarsa kaɗai ke nuna abu sosai, gefuna sai su dushe, miƙaƙƙen layi ya zama kamar baka. Na biyu, yana raba farin haske, sai ka ga shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya a bakin duk abu mai ƙyalli. Ga mai karanta ƙananan rubutu wannan ba komai ba ne. Ga mai duba wuƙa kuwa matsala ce babba, domin abin da kake nema siririn layi ne mai ƙyalli a daidai bakin ƙarfe, wurin da launin ƙaryar yake zama. Sai ka ɗauka leɓen ƙarfe ne, wato siririn ƙarfen da washi ke bari a lanƙwashe a bakin wuƙa, alhali gilashin ne ke yaudararka, ko kuma launin ya lulluɓe leɓen gaskiya. Triplet falle uku ne aka manne wuri guda don su gyara wa juna waɗannan aibobi. Sanannu a wannan fanni akwai BelOMO da ake ƙerawa a Belarus, da na Bausch & Lomb, da na Nikon. BelOMO mai 10x shi ne wanda zan fara nuna wa mai sana'a, don ingancinsa ya fi kuɗinsa. Sai dai kalmar Triplet ma ana buga ta a kan na jabu, don haka ka gwada. Ka duba takardar kuɗi ko takarda mai layi: layukan su tsaya a miƙe har kusan gefe, baƙin rubutu ya fito baƙi ba tare da bakan gizo a bakinsa ba. Ka kuma tabbata gilashi ne, ba roba ba. Na roba ba ya jure wurin aikinmu; ƙurar hunturu da dagwalon dutsen washi za su karce shi cikin 'yan makonni. Ko na gilashin, ka wanke hannu kafin ka ɗauke shi, ka hure ƙura kafin ka goge, ka rufe murfinsa idan ka gama. Wurin nemansa shi ne wajen masu sayar da kayan gyaran agogo da na waya, ko masu harkar zinare. Idan kana shiga Kano, 'yan kayan gyaran waya na Farm Centre wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka kashe kuɗi: gilashin ba zai nuna maka kaifi ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100, ido tsirara kuma a nan wajen yake tsayawa. Mai 10x zai kai ka kusan maikiron 10. Amma bakin wuƙar da ta wasu da kyau bai kai maikiron ɗaya ba. Saboda haka wuƙa mai kaifi, idan ka kalli bakinta kai tsaye, ba ka ganin komai. Abin da gilashin ke nunawa shi ne inda aiki bai kammalu ba: giɓi, wurin da ya lanƙwashe, wurin da dutse bai taɓa ba, da leɓen ƙarfe.

A kan leɓen nan nake so mu daɗe, don ina kyautata zaton shi ne ciwon wuƙaƙenka. Idan kana wasa gefe ɗaya har ka iso baki, ƙarfen ƙarshe ba ya gutsurewa, sai ya lanƙwasa zuwa ɗaya gefen kamar siririn foil. Fitowarsa alama ce mai kyau, tana nuna ka iso bakin. Barinsa ne kuskure. Idan ya yi siriri sosai kuma ya miƙe, yana aske gashi tas, yana yanka takarda, mai wuƙa ya karɓa yana murna. Da ya haɗu da fatar rago, ko ya taɓa ƙashi ko katako, sai ya kwanta ko ya karye ya tafi da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa. Ka ga wuƙa ta dakushe a rago ɗaya. Wuƙaƙen silba masu araha, waɗanda ba sa tsatsa, su suka fi taurin kai a nan, ƙarfensu mai laushi ne, leɓen sai ya yi ta juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ya ƙi fita. Wuƙar maƙera da aka ƙera da sifirin ɗin mota, idan an yi mata horon wuta daidai, ta fi saurin sakin nata.

Ga yadda za ka gan shi. Ka manna gilashin kusa da idonka, babban yatsanka na jingine da kumatu, sannan ka kawo wuƙar zuwa gare shi. Kada ka riƙe gilashin can nesa kamar mai duba madubi. Hannun da ke riƙe da wuƙa ya jingina da wanda ke riƙe da gilashi, don su yi motsi tare. Tsinin ya kalli gefe, nesa da fuskarka, kuma kada ka yi wannan inda yara ke guje-guje ko wani zai iya bangaje ka. Haske ya fito daga gefe guda, a kwance, ba daga ko'ina ba. Wannan ya fi ƙarfin gilashin muhimmanci. Mai 10x da tocila ɗaya a gefe ya fi mai 60x a cikin rumfa mai duhu. Gilasan da ke zuwa da fitilarsu a jiki suna taimako, amma sau da yawa hasken yana dukan ƙarfen ya dawo maka a ido, ga batirinsu ƙanana masu wuyar samu. Tocilar waya ma ta wadatar, a jingine ta a kan benci.

Ka fara da kallon fuskar washin, kana juya wuƙar a hankali. Zanen da dutse ya bari ya kamata ya tafi har ƙarshen baki. Idan ka ga zanen ya tsaya, saura wani ɗan layi mai wani launi kafin baki, ba ka iso ba tukuna. Leɓen kuwa zai fito kamar farin zare mai ƙyalli a gefe ɗaya kawai, wani lokaci a yayyage. Sannan ka juya bakin ya kalle ka, haske na bisansa. Duk inda ya yi ƙyalli, wurin a dakushe yake ko a kwance.

Wata dabara mai arha da ke ninka amfanin gilashin: ka shafa baƙar maka, irin wadda ake rubutu da ita a kwali, a kan fuskar washin, ka ja wuƙar a dutse sau uku ko huɗu, ka duba. Inda tawadar ta goge, nan dutse yake ci. Idan ta goge a sama ta bar baƙi a baki, wuƙar ta kwanta fiye da kima ke nan. Idan baki kaɗai ya goge, ta ɗagu fiye da kima ke nan. Da ido tsirara sai ka rantse tawadar ta fita duka, gilashi kuma ya nuna maka siririn baƙin da ya rage.

Idan da injin garanda kake fara aiki, ka duba launi ma. Ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi a daidai baki yana nufin zafi ya kashe taurin ƙarfen a wurin, kuma ba zai riƙe kaifi ba sai an cinye wannan ɓangaren. Wannan shi ne dalili na biyu da nake zargi a matsalarka. Ka riƙa tsoma wuƙar a ruwa akai-akai, ka sassauta danni.

Mai 60x da ire-irensa, kamar ɗan ƙaramin MicroBrite na kamfanin Carson mai 60x zuwa 120x, suna da ranarsu. Idan kana wasa wa wanzamai aska, ko kana so ka ga bambancin zanen dutse mai lambar laushi 1000 da mai 6000, za su nuna maka abin da 10x ba zai iya ba. Amma sayayya ta biyu ce, bayan hannunka ya saba. Na wayar nan mai 1000x kuwa, lambar talla ce. Ƙarfinsa na gaskiya ya yi ƙasa da haka sosai. Amfaninsa ɗaya da nake yabawa shi ne ɗaukar hoto, ka nuna wa mahauci giɓin da ya yi da ya sari ƙashi da wuƙar fiɗa, ya gani da idonsa.

Gilashi ba zai maye gurbin farce da yatsa ba. Ka ci gaba da shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, a gicciye, don jin leɓe, kada ka bi tsawon kaifin. Tunda kuma yawancin aikinka na yanka ne, ka san umarnin da ya zo a hadisi cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, wuƙa mai kaifin leɓe kuma tana iya cin amanar mai ita a tsakiyar yanka.

Saboda haka da zarar gilashin ya zo hannunka, ka ɗauki wuƙa ɗaya da ka gama wasawa yadda ka saba, ka duba ta kafin ka miƙa. Idan ka ga farin zaren nan, ka koma kan dutsenka mafi laushi, ka riƙa ja sau ɗaya a wannan gefe, sau ɗaya a wancan, ba danni sai nauyin wuƙar kanta, kamar sau goma. Ka gama a kan fata yadda wanzamai ke yi, kana jan ta baya-baya. Daga nan ka yanka busasshen katako sau biyu ko uku, ka sake gwada ta a gashin hannu, ka sake dubawa. Idan har yanzu tana askewa kuma bakin bai yi ƙyalli ba, ita ce za ka ba mahaucin.