Likita Na Amsa: Askar Wanzami, Ciwon Hanta da Sanyin da Ya Ƙi Jin Magani

Tambaya: Salamu alaikum likita. Na je asibiti ba wa ƙanena jini, aka ce ba za a ɗiba ba, wai ina da ciwon hanta nau'in B. Wallahi ban san wata mace ba sai matata. Ta ina na samo shi? (Wani magidanci daga Gumel)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kada kuma ka zargi iyalinka. Gaskiya ne ana ɗaukarsa ta saduwa, amma a ƙasarmu yawancin masu shi tun suna ƙanana suka kamu, ko daga uwa wajen haihuwa, ko ta ƙarfen da ya taɓa jinin wani. Tuna ranar suna a ƙauye: wanzami ya kwance zabira, ya yi wa jariri aski, ya cire beli, ya goge aska da tsumma, ya nufi gida na gaba. Da hunturu kuma a jera yara a yi musu shayi da aska guda. Ƙwayar cutar tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 da ita za su girma, shiru, ba zazzaɓi ba shawara, sai rana irin taka ta tona. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin manya 100 na ɗauke da ita.

Koma asibiti a auna lafiyar hantar. Ba kowa ake ɗora wa magani ba, wasu bibiya kawai ake yi. A gwada matarka da yara, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi sau uku: yau, bayan wata 1, sai wata 6 bayan ta farko. Jiƙe-jiƙen wankin hanta kuwa ka bar su, ƙara mata aiki suke yi. Kuma ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya, kada a ware maka kwano.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai, a gida muke haihuwa. Surukata ta ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Rigakafin ba zai jira ba? (Wata uwa daga Ɗanbatta)

Amsa: 'Yar'uwa, allurar rigakafin ciwon hanta ba ta jiran suna. Cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, sauran a sati 6, 10 da 14. Tun 2004 take cikin rigakafin yara a Najeriya, kyauta.

Bari in ba ki labarin 'yan asalin Alaska ta Amurka, mutanen da ke ƙauyukan ƙanƙara nesa da asibiti, wasu sai da jirgin sama ake isa gare su. Ciwon hanta ya yi musu katutu, har yara na kamuwa da kansar hanta. A shekarun 1980 aka bi ƙauyukan ana gwaji, ana yi wa jarirai allura. Bayan wasu shekaru aka daina ganin kansar a yaransu. Abin da ke burge ni shi ne, 'yan ƙauyen da aka horar kan aikin lafiya sun taka rawa sosai. Don haka ki sa maigida ya yi wa Hajiya bayani tun yanzu cikin ladabi, ku kuma shirya da ungozoma da ma'aikacin asibitin garinku. In kin je awo, ki nemi gwaji uku: ƙanjamau, tunjere da hanta. Tunjere na kashe ɗan ciki, alhali allurar fenisilin na maganinsa.

Tambaya: Sau uku ina sayen maganin ciwon sanyi a kemis, sai ya lafa ya dawo. Matana biyu. (Wani direba daga Maraɗi)

Amsa: Kai kaɗai kake shan magani, shi ya sa. Mace na iya ɗauke da shi ba alamar komai, ka warke ta mayar maka, ka kai wa abokiyar zamanta. Ku je asibiti ku uku, a yi magani lokaci ɗaya, a haƙura da kwanciya kwana 7 bayan an gama. Rabin kafso na kemis kuwa koya wa cutar taurin kai yake yi. In an bari, yana toshe wa mace hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa ana zargin aljanu. Ku haɗa da gwajin ƙanjamau, kwaroron roba kuma yana kariya.

Tambaya: Wanzanci na gada. Yanzu in bar sana'ar ke nan? (Wani wanzami daga Azare)

Amsa: A'a, Sarkin Aska, ba mu ce ka bari ba. Kowane kai da sabuwar rezarsa, ka ɓare ta a gaban mai ita. Ƙarfen da ba a yarwa, a wanke jinin da sabulu, a tafasa minti 20, don shafa sifirit kaɗai bai isa ba. Kai ma ka yi rigakafin hanta, tunda kullum hannunka cikin jini yake. In aska mai jinin wani ta yanke ka, ka wanke wurin, ka isa asibiti kafin awa 72, akwai maganin kwana 28 da ke tare ƙanjamau.