Ina addu'a, amma ƙarfina ya ƙare

Tambaya: Fasto, barka da aiki. Mijina ya daɗe a kwance ba lafiya, ni ke jinya, ni ke neman abin da yara za su ci. Ina addu'a dare da rana amma ba na jin wani ƙarfi. Wata ta ce mini rashin bangaskiya ne. Ban ma san ko in bar aikina in zauna da shi ba. Yaya zan nemi ƙarfi da jagorar Allah?

Amsa: 'Yar'uwata cikin Almasihu, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ba maigida lafiya. Maganar da aka faɗa miki ba daidai ba ce, kada ki ɗauke ta. Gajiya ba rashin bangaskiya ba ce.

Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya bai daɗe da ganin wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel ba, sai Sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa. Ya gudu, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ki lura da abin da Allah ya yi. Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sake kwanciya, mala'ikan ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb Allah ya yi masa magana a kan abin da zai yi gaba, ya kuma sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, alhali shi yana ganin shi kaɗai ya rage. Ina yawan komawa wannan nassi saboda masu jinya, waɗanda ke kwana a zaune a bakin gado suna ganin barci kamar laifi ne. Ki ci abinci, ki yi barci, ki bar wani ya karɓe ki. Wannan ma hanyar taimakon Allah ce.

A addu'a kuma kada ki ɓoye masa komai. A ayoyi biyu na farkon Zabura 13, sau huɗu Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe. Ranar da bakinki ya kasa, Romawa 8:26 ta tabbatar mana Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu. Manzo Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ishe shi (2 Korintiyawa 12). Sau da yawa haka ƙarfin yake zuwa, daidai na yau, ba tare da kin ji wani abu a jikinki ba. Tun da ciwon nan ya fara kina tashi kowace safiya kina kula da gidan, da ƙarfin wa kike yi?

Batun aiki kuwa, shawarata kada ki yanke hukunci cikin wannan gajiya, kada kuma ki zauna jiran mafarki. Ki roƙi hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ya koyar, sannan ki tambayi likita irin kulawar da maigida yake bukata. Ki yi shawara da shi kansa in yana iyawa. Ki kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, ki faɗa musu a fili abin da ya fi ƙarfinki, ko kuɗin magani ne ko wanda zai zauna da shi da rana. Ki nemi hutu a wurin aiki tukuna kafin ki yi zancen ajiyewa. Idan kuma baƙin ciki ya kai ki ga tunanin mutuwa, ki gaya wa fastonki da likita a ranar, kada ki kwana da shi.