Shin Ya Dace Manhaja Ta Canza Aiki Saboda Sunan Da Aka Kira Ta Da Shi?

Tambaya: Ina haɗa wata ƙaramar manhaja mai juya bayanan jagorar amfani zuwa shafin intanet ko fayil ɗin PDF. Nufina shi ne fayil ɗaya ya ɗauki sunaye biyu, kowane suna da aikinsa. Shin hakan ya dace? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Abin da kake nufi tsohuwar dabara ce a Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, domin duk lokacin da aka tayar da manhaja, tsarin yana miƙa mata sunan da aka kira ta da shi, ita kuma sai ta duba ta yanke abin da za ta yi. Haka manhajar BusyBox take aiki: fayil guda yana tsaya wa umarni da yawa irin su ls (jera fayiloli) da cp (kwafe fayil), kuma hakan ya amfani ƙananan na'urori masu ƙarancin wurin ajiya. A fagen jagorar amfani ma akwai manhajar mandoc ta OpenBSD, wani tsari irin na Unix, wadda ke amsa sunan man da apropos da whatis, wato umarnin karanta jagora da na bincike a cikinta.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ka ɗora manhajarka a kan wannan turba. Ƙa'idojin rubuta manhaja na GNU, shirin samar da manhajoji masu 'yanci, sun nemi a guji hakan, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne, domin mutane suna canza wa fayil suna saboda buƙatun da kai marubuci ba ka hango ba. Wanda yake son ajiye tsohuwar siga kusa da sabuwa zai ƙara wa ɗaya lamba a ƙarshen suna, Windows kuma tana liƙa .exe. Daga nan manhajar ba za ta gane kanta ba, sai ta fitar da PDF a inda ake jiran shafin intanet, ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ya fi muni ga manhajar jagora, saboda yawanci wani tsari ne mai sarrafa kansa yake kiran ta yayin haɗa babbar manhaja, babu idon mutum a kai, kuma kuskuren ba zai bayyana ba sai mai karatu ya je neman shafin ya rasa.

Dubi yadda Texinfo, manhajar haɗa jagora ta GNU, ta yi a siga ta 5.0 a 2013, lokacin da aka kawo sabon umarni mai suna texi2any: an bar tsohon sunan makeinfo domin tsofaffin tsare-tsare, amma aikin bai dogara da suna ba, ana zaɓar nau'in fitarwa da --html ko --pdf. Ko a man, abin da apropos ke yi ana samun sa da man -k.

Saboda haka ka ba kowane nau'in fitarwa zaɓinsa a fili. Idan kana son gajerun sunaye domin sauƙi, ka rubuta ƙaramin fayil na layi biyu ga kowane suna, wanda zai kira babbar manhajar tare da zaɓin da ya dace, kamar yadda gunzip na GNU, mai warware fayil da aka matse, yake kiran gzip -d.