Fatawa: Mahaifinmu ya faɗi a banɗaki ya rasu, ya halatta likita ya buɗe kansa don bincike?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu dattijo ne, ya haura shekara 70, yana da hawan jini, kuma likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Da asuba ya shiga banɗaki zai yi alwala, santsin tayil ya kwashe shi ya faɗi ta baya. Ya tashi da kansa, ya yi sallah, ya karya kumallo, ya ce ba komai sai ɗan ciwon kai. Bayan la'asar ya yi amai, ya kwanta, bai sake farkawa ba. Da aka zo shirya shi sai aka ga kewayen idanunsa ya yi baƙi, ga jini a kunne. Wasu daga cikin yayyena suka ce amaryarsa ce ta buge shi, don a ɗakinta ya kwana, har ɗaya ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Yanzu gawa tana asibiti, an ce sai likita ya buɗe kan. Gida ya rabu biyu, wasu na cewa haramun ne a taɓa shi. Mene ne hukuncin? Muna da zunubin jinkirta jana'iza? Kuma yaya batun gadon amaryar?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashi.

'Yan'uwanka da suka ce kada a taɓa shi ba da ka suka yi magana ba. Asalin hukunci shi ne haramcin keta jikin mamaci. Allah ya ce ya karrama ɗan Adam, a Suratul Isra'i aya ta 70, kuma mutuwa ba ta ɗauke wannan karamci. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito umarnin gaggauta jana'iza. Da a ce tsohon ya faɗi a gaban jama'a, kowa ya shaida, ba wanda ake tuhuma, hukuma ba ta nemi komai ba, da sai in ce ku yi masa wanka ku kai shi makwancinsa yau. Sha'awar sanin abin da ya faru kawai ba ta kai a sa wa Musulmi zarto a ka ba.

Sai dai lamarinku ya wuce nan, domin an ɗora wa wata baiwar Allah zargin kisa. Malaman usulu suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake, don haka bari mu fara da abin da likitan zai yi.

Aikinsa ba daga yanka yake farawa ba. Tambayoyi ne da farko: ƙarfe nawa ya faɗi, wa ya ji ƙarar, ta ina kan ya bugu, ya suma ko bai suma ba, yaushe amai ya fara, waɗanne magunguna yake sha. Ku kai masa kwalayen magungunan da katin asibiti. Maganin tsinka jini irin su wafarin da asfirin yana sa bugun da saurayi zai shafa ya wuce ya zama ajalin dattijo. Masu bincike za su so ganin banɗakin: santsin ƙasan, gefen masai ko dakalin da kai zai iya bugawa, inda jini ya ɗiga in akwai, takalmin da yake sanye da shi. Nan ne iyalai suka fi ɓata shaida ba da niyya ba. Ana wanke wurin da omo, a jiƙa rigar da ya kwana da ita, a zubar da matashin da ya yi amai a kai. In ba a yi ba tukuna, a bar su yadda suke.

Daga nan sai duban jiki daga waje. Likita yakan aske gashin da ke kewaye da rauni, ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya ɗauki hoto. Fatar kai tana zaune ne a kan ƙashi, saboda haka in ta bugu da siminti takan fashe kamar an yanka da wuƙa, kuma jininta yana da yawa, har mai gani ya rantse sara ne. Likita yana bambance su: fashewa gefenta a goge yake, da zaren tsoka da bai tsinke ba a cikin ramin, yanka kuwa sumul yake. Yana kuma lura da wurin raunin. Wanda ya faɗi daga tsaye, galibi rauninsa yana kan da'irar da bakin hula yake zama, wato goshi, saman kunne da ƙeya, kuma sau da yawa guda ɗaya ne. Raunuka da dama a tsakar ka sun fi kama da duka. Wannan alama ce kawai, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai, kuma ba ta aiki ga wanda ya gangaro daga matakalar bene. Zai duba bayan hannuwa da damatsa, don mai kare duka da su yake tarewa, ya duba wuya, cikin leɓe da farata.

Baƙin ido da jinin kunne da suka tayar da hankalin gidanku, su ne abin da ya fi yaudarar mutane. Idan ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage, jini yakan sulalo ya taru a kewayen idanu biyu bayan wasu sa'o'i, ba tare da an taɓa fuskar ba. Ƙashin da ya rufe saman ramin ido siriri ne ƙwarai, yana iya tsagewa ko da ƙeya ce ta bugu. Tsagewar da ta bi ta ƙashin kunne kuma ita ke fito da jini ta kunne. Naushi shi ma yana baƙanta ido, amma yakan bar kumburi da gogewa a fata, a kunci ko karan hanci. Ido ba ya iya tabbatar da wanne ne sai an ga ƙashin.

Buɗewar kanta ga yadda take. Ana yanka fatar daga bayan kunne ɗaya, a bi ta saman kai zuwa bayan ɗayan, ba a taɓa fuska. A ɗaga fatar a ga inda jini ya kwanta a ƙarƙashinta, don shi ke nuna adadin wuraren da suka bugu, ko waɗanda gashi ya ɓoye. Sai a cire murfin ƙoƙon. Ƙwaƙwalwar babba nauyinta ya kai giram 1,300 zuwa 1,400, kuma tana zaune ne cikin ruwa, kamar kindirmo a ƙwarya. In mutum ya faɗi ta baya, ƙeya ta tsaya cak a ƙasa, ƙwaƙwalwar takan ƙuje a ɗaya ɓangaren, ta wajen goshi da gefuna. Wanda aka buga wa taɓarya yana zaune kuwa, raunin ƙwaƙwalwarsa yakan kasance daidai ƙarƙashin inda aka buga, wani lokaci da ƙashi ya lotsa ciki da siffar abin. Wannan bambanci yana daga cikin hujjoji mafi ƙarfi da ake raba faɗuwa da duka.

Sai batun jinin da ya taru. Akwai wanda ke taruwa tsakanin ƙashi da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawanci in ƙashin gefen kai ya tsage ya yanke jijiya. Akwai wanda ke taruwa ƙarƙashin tantanin, in ƙananan jijiyoyi sun tsinke, kuma shi ya fi samun tsofaffi, don ƙwaƙwalwarsu ta ɗan motse, jijiyoyin sun miƙe. A duka biyun mutum zai iya tashi ya yi magana ya ci abinci, jini yana tsiyaya a hankali, har ya kai abin da bai fi mililita 50 zuwa 100 ba, ya danne ƙwaƙwalwa, numfashi ya tsaya. Don haka tashin da mahaifinku ya yi ya yi sallah ba ya ƙaryata faɗuwar. Likita yakan auna jinin, ya yanki ɗan ƙanƙanin nama ya duba a madubin likita, wanda ke nuna ko zubar ta sa'o'i ce ko ta kwanaki. Yana iya kuma gano cewa jijiya ce ta fashe a can cikin ƙwaƙwalwa saboda hawan jini, ko zuciya ce ta buga, shi ya sa ya faɗi. Dalili ke nan da wani lokaci yake neman duba ƙirji, ya ɗebi jini daga jijiyar cinya, da fitsari, da ruwan ido, don gwajin guba, magani da suga. Aikin duka yakan ɗauki sa'a 2 zuwa 4, sannan a mayar da komai, a ɗinke.

To, hukunci. Malamanmu na da ba su ɗauki haramcin keta gawa a matsayin abin da babu togaciya a cikinsa ba. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ce ana tsaga cikin mamaci saboda dukiya mai yawa da ya haɗiye. Hanafiyya da Shafi'iyya sun ce a tsaga cikin mace in ta rasu da ɗa mai rai da ake sa ran zai rayu, kuma wasu Malikiyya irin su Sahnun sun tafi a kan haka. In haƙƙin dukiya ya halatta wannan, to jini da mutuncin mai rai sun fi dukiya. Hadisin karya ƙashi kuwa yana hana wulaƙanci da ta'adi, kamar yadda fiɗar da likita ke yi wa mai rai don maslaha ba ta shiga cikin ta'adi. Dogaro da alamun zahiri wajen wanke wanda ake zargi ma yana cikin Alƙur'ani: da yagewar riga ta baya aka gane gaskiyar Annabi Yusuf, a aya ta 26 zuwa 28 ta surarsa.

A kan wannan ne majalisar manyan malaman Saudiyya ta yanke, a ƙudurinta mai lamba 47 na shekarar 1396 Hijira, cewa buɗe gawa don tabbatar da tuhumar laifi ya halatta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta ƙarfafa haka a zamanta na 10 a Makka, shekarar 1408 Hijira, wato 1987, ta kuma shar'anta a binne dukkan sassan jiki bayan an gama, sannan gawar mace likita mace ce za ta duba in akwai.

Saboda haka abin da nake gani a mas'alarku: tunda an yi tuhuma, kuma hukuma ta nema, ya halatta, kuma ba ya halatta ku hana. A Najeriya majistare ne doka ta ba ikon umartar binciken mutuwar da ake shakka a kanta, 'yan sanda su kai takarda ga likitan sashen binciken cututtuka, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato. Ku nemi ganin takardar umarnin. Amma larura gwargwadonta ake ɗauka, don haka kuna da haƙƙin ku roƙi a bi mataki-mataki. In akwai halin ɗaukar hoton kan da na'urar CT, a fara da shi, don yana nuna tsagewar ƙashi da taruwar jini sosai, kuma a Ingila ana amfani da shi ga iyalan Musulmi da Yahudawa da ba sa son yanka. Rauninsa shi ne ba ya gano guba, kuma yakan kasa a ciwon zuciya. In hoto bai wadatar ba, a buɗe kai. Kada a wuce zuwa ƙirji da ciki sai likita ya ga buƙata ta gaske. A rufe al'aurarsa, kada a tara 'yan kallo, kada hotunan su fita daga fayil.

Abu ɗaya da ya kamata ku tambaya tun kafin a fara: wani lokaci likita yana son ajiye ƙwaƙwalwa cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, kamar mako 2 don ta yi tauri a iya yanka ta da kyau. Ku roƙi ya wadatu da ƙananan yanki in zai yiwu. In ya ce dole ne, ku binne gawar kada ku jira, daga baya ku karɓi abin da aka riƙe, a naɗe a ƙyalle mai tsabta a binne a kabarinsa ko kusa da shi, ba sai an sake sallah ba.

Jinkirin jana'iza babu zunubi a kanku, domin da uzuri ne. Ku dai bi lamarin da ƙafa don kada kwana ɗaya ya koma mako. Wanka kuma ana yi masa kamar kowa, a zuba ruwa a hankali a kan ɗinkin ba tare da cuɗawa ba, a sa auduga a ɗaure in yana tsatsafo. Khalil ya ambaci zuba ruwa a kan mai rauni in zai yiwu, in ana tsoron jikin ya saɓule sai a koma taimama.

Game da amarya, ka isar wa yayyenka wannan a hankali: kwana a ɗakinta ba hujja ba ne, baƙin ido ma ba hujja ba ne. Allah ya ce a nisanci yawan zato, a Suratul Hujurat aya ta 12. Matar nan tana takaba ta wata 4 da kwana 10 a gidan mijinta, ba a fitar da ita, ba a ƙaurace mata, kuma rabonta na tumuni tare da sauran matan yana nan. Wanda ya yi kisa da gangan ne ba ya gado. A mazhabar Malik, mai kisan kuskure yana gadon dukiya, diyya ce kawai ba ya ci. Ko wannan ma alƙali ne zai tabbatar, ba taron 'ya'ya ba. Abin da ya fi shi ne a dakatar da rabon gado har rahoto ya fito. Rahoton likita ƙarina ce, wato alama, mai ƙarfi da alƙali zai haɗa da sauran shaidu, kuma wani lokaci likita yakan rubuta cewa raunin ya dace da faɗuwa amma bai kore turawa ba, domin wanda aka hankaɗa da wanda santsi ya kwashe iri ɗaya suke faɗuwa. In haka ta kasance kuma babu wata shaida, asali shi ne kuɓutar wuyanta, kuma wanda ya yaɗa zargin a cikin dangi ya wajaba ya janye shi a gaban waɗanda ya faɗa wa, ya nemi yafewarta.

Wallahu a'alam.