Tarihin marubuta waƙoƙin zamani: inda za ki fara da abin da za ki kiyaye

Malama, kin tambaya yadda za ki tattara tarihi da nasarorin marubuta waƙoƙin Hausa na zamani, da wanda ya kamata ki fara da shi. Shawarata, kada ki fara da sarautun gargajiya da lambobin yabo. Ki fara da makarantar da ta reni marubucin, domin ita ke bayyana a baitinsa.

Wanda ya tashi a makarantar allo da zaure, kamar Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai Imfiraji, ko Aƙilu Aliyu ɗan Jega da ya zauna a Kano, za ki ji Larabci da aruli, wato ilimin awon waƙa, sun zauna masa daram. Wanda ya haɗa da boko, kamar Sa'adu Zungur na Bauchi da ya yi Kwalejin Katsina da ta Yaba, ko Mu'azu Haɗeja malamin makaranta, jigonsa ya fi karkata ga ilimin zamani, siyasa da gyaran hali. Su biyun nan a 1958 suka rasu, amma har yau ana karanta su a aji. Mudi Sipikin kuwa ɗan NEPU ne, shi ya mayar wa Zungur martani a kan Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. In kika aje waƙoƙin nan biyu gefe da gefe kin ga siyasar wancan lokaci da idonki. Ki bincika ƙungiyoyin Kano ma, Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu. Kuma don Allah kada ki tsallake mata, yawancin masu nazari suna yi musu wannan rashin adalci. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu suna da littafi, Alƙalami a Hannun Mata, 1983.

Wajen aikin kansa, kowane marubuci ki samo masa aƙalla waƙa biyar cikakku, ba tsakure ba. Ki duba marufin kowace, wato baitocinta na ƙarshe, domin a nan da yawansu ke faɗin sunansu, garinsu, wani lokaci da yawan baitoci. In ya ce baiti sittin kika ƙirga hamsin da biyar, kwafinki ya yi giɓi, ki nemi wani. Wasu suna saka ramzi, wato shekarar Hijira a cikin haruffa. In kin warware shi, ki ninka da 0.97 ki ƙara 622, misali 1390 ta ba ki 1970. Sai dai galibi shekarar Hijira guda tana ratsa shekarun Miladiyya biyu, shi ya sa kike ganin littattafai na saɓawa da shekara ɗaya a ranar haihuwa ko ta wallafa. In haka ta faru ki kawo duka biyun, ki faɗi inda kika samo kowace.

Babbar matsala ita ce juyi daga ajami zuwa boko. Mai juyawa ya kan yar da tsayin wasali ko ya sauya kalma da wadda ya sani, sai kari, wato ma'aunin waƙar, ya karye, mai nazari ya ɗora wa marubucin laifin da ba nasa ba. Maganinsa ki rera ɗangon da baki, ki kuma nemi muryar mai waƙar a kaset ko rumbun gidan rediyo. Tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya za su taimaka ki gane juyin da ya riga fitowa.

Nasara kuwa ki auna ta da abin da za ki iya nunawa: diwanin da aka buga, ƙwarewarsa a ƙwar biyu ko ƙwar biyar (baiti mai ɗango biyu ko biyar) da riƙe amsa-amo, waɗanda suka yi masa tahamisi (ƙara ɗango a kowane baitinsa har ya zama biyar) ko martani, da almajiran da ya bari. Na raye irin su Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, wanda ya fara da rubuta littattafai kafin ya shahara a sitidiyo, ki nemi hira da su kai tsaye, ki naɗa, sannan ki tambaye su rubutun waƙar kafin a sa mata kiɗa, domin shi ne za ki feɗe.