Tura fayil tsakanin Windows da Ubuntu na cikin VirtualBox

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka: kana da Windows a laftof, ka ɗora Ubuntu a cikin VirtualBox (manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin taka) saboda aikin makaranta, ka haɗa foldar tarayya, wato wadda Windows da Ubuntu za su riƙa gani tare, amma da ka zo buɗewa sai ta ce maka Permission denied, shi ya sa ka koma tura wa kanka fayil ta imel. Don Allah ka daina ƙona data a kan wannan. Fayil ɗin da ke cikin laftof ɗinka ba shi da dalilin zuwa intanet ya dawo.

Tunda har kana ganin foldar, ka kusa gamawa. Idan ka zaɓi Auto-mount, VirtualBox yana ajiye ta a /media, sunanta ya fara da sf_, kuma ba ya barin kowa ya shiga sai wanda ke cikin rukunin vboxsf. Kai kuwa ba a sa ka a ciki ba. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta sudo usermod -aG vboxsf $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga, ko ka kashe Ubuntu ɗin ka kunna. Nan ne ɗalibai da yawa da ke kawo min kwamfuta shago a Terminus ta Jos suke tuntuɓe: sun rubuta umarnin daidai, ba su fita sun sake shiga ba, sai su ce bai yi ba. Wanda kuma ko foldar ba ya gani, to wataƙila Guest Additions ne bai hau ba, wato ƙarin manhajar VirtualBox da ake sawa a cikin Ubuntu don foldar ta yi aiki. Ya fara sa build-essential da dkms da linux-headers na kwamfutarsa, sannan ya je Devices a tagar VirtualBox ya danna Insert Guest Additions CD image.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar foldar ta buɗe, sai mutum ya kwashe aikinsa gaba ɗaya ya zuba a ciki. Kada ka yi haka. Ka ɗauke ta kamar zauren gida, wurin miƙa saƙo ne, ba a kwana a nan. Fayilolin suna zaune ne a kan faifan Windows, dokar Windows suke bi. Ubuntu yana bambanta Rahoto.txt da rahoto.txt, Windows kuwa abu ɗaya yake ganinsu. Za ka yi chmod, umarnin canza izinin fayil, ka ga bai kama ba. In kana koyon Node, npm install kan tsaya a tsakiya, domin VirtualBox ya toshe ƙirƙirar symlink (fayil mai nuni zuwa wani fayil) a irin wannan folda tun daga farko. Ga nauyi kuma in ƙananan fayiloli sun yi yawa. Ka yi aikinka a cikin foldarka ta Ubuntu, in ka gama ka kwafo abin da kake so zuwa ta tarayya.

Ka kuma sani Snapshot, wato ajiyar yanayin Ubuntu da VirtualBox ke yi don ka iya komawa baya, ba ya ɗaukar abin da ke cikin wannan folda. In ka goge abu a can, komawa baya ba zai dawo maka da shi ba. Saboda haka kada ka raba faifan C gaba ɗayansa, ka buɗe ƙaramar folda guda don wannan aiki. Masu koyon tsaron intanet da ke gwada mugayen manhajoji, ku cire foldar kafin gwaji, ko aƙalla ku sa mata Read-only, wato a karanta kawai ban da canzawa, don abin da ya ɓarke a ciki zai iya lalata fayilolinku na gaske ta wannan ƙofa.

Jan fayil da linzami a jefa ba na dogara da shi, musamman a sababbin Ubuntu masu amfani da Wayland, tsarin da ke nuna tagogi a allo. Ni scp na fi so, umarnin kwafar fayil daga wata kwamfuta zuwa wata. Ka sa openssh-server a Ubuntu, ka je Network a saitin VirtualBox, a ƙarƙashin NAT ka shiga Port Forwarding ka haɗa ƙofa mai lamba 2222 ta Windows da mai lamba 22 ta Ubuntu. Daga nan scp -P 2222 a Windows zai kai fayil 127.0.0.1 kai tsaye, ko babu intanet.

Ka gwada umarnin farko tukuna. In ta sake hana ka shiga, rubuta groups a Terminal ka turo mana hoton abin da ya fito, mu ga ko vboxsf na cikin jerin.