Ina so in fara sana'ar labule, in sayo bandir in ajiye ko yaya zan yi?

Wata 'yar uwa daga Zariya ta turo wannan tambayar: "Salamu alaikum Malam, ni zannuwan gado nake sayarwa a gida, to kwastomomina da yawa in sun saya sai su ce Hajiya ba ki da labule ne mu haɗa gaba ɗaya? Yanzu na ɗau adashe dubu 800, ina so in shiga Kantin Kwari in sayo yadin labule bandir-bandir in ajiye. Wane iri ne ya fi tafiya, kuma kala nawa ya kamata in ɗauko?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Tunanin ƙara labule tunani ne mai kyau tunda kwastoma ne da bakinsu suka nema, amma maganar bandir ɗin nan dan Allah ki dakata tukuna, kar ki kai kuɗin adashenki can.

Kinga zanin gado girmansa sananne ne, katifa 6 da 6 ce ko 4 da 6, kin ajiye dozin biyu wata rana dai sai sun ƙare. Labule ba haka yake ba. Matar da za ta sayi labule ba labulen take kallo ba, kujerunta take kallo da kafet da fentin bango, wata ma har da kalar fulawar da ke kan tebur, in kujerun ruwan toka ne ke kuma kin cika ɗaki da ruwan zuma da jan wake to sai dai ta yaba ta ce kai ya yi kyau wallahi, ta tafi ba ta dawo ba. Bandir ɗaya yadi ne masu yawa kuma duk kala ɗaya, dubu 800 ɗin nan kala kaɗan za ta saya miki, ga shi yayi na juyawa da sauri, dizain ɗin da ake rububi bana baɗi sai ki ji ana cewa ai wannan tsohon yayi ne. Sannan duk bandir sai ya bar miki guntu, yadi biyu ko biyu da rabi da ba zai rufe taga ba, kuma a cikin guntun nan ribarki take kwance.

Abin da nake ganin ya fi miki shi ne ki sayar da awo da shawara da ɗinki da kafawa, yadin kuma ya zauna a shagon dila har sai an biya ki. Ki shirya ki je Kwari da kanki ki wuni, ki zaga ki samu dila biyu ko uku masu yadin labule waɗanda za ku fahimci juna, ki sayi rabin yadi rabin yadi na dizain kamar 20 ko 25, kowanne ki liƙa masa takarda da sunan shagon da lambar da dilan ke kiransa da ita. Da ɗan gari akan ci gari, in kina da wanda ya san kasuwar ku tafi tare. Bayan nan in kwastoma ta zaɓa, waya kawai za ki buga a yanko a yi miki waybil daga Kano zuwa Zariya, a rana ɗaya kaya sun iso. Kuma kar ki dogara da hoton WhatsApp wajen zaɓen kala, kyamarar waya tana ƙarya sosai, ki kai samfur ɗin ɗakin a ɗora shi kan kujera da rana tsaka a gani.

Wani abu da dila ba lallai ya gaya miki ba: dizain ɗaya lamba ɗaya, amma bandir biyu kan bambanta a kala kaɗan saboda ba rini ɗaya aka yi musu ba. Duk labulen ɗaki ɗaya a yanko shi daga bandir ɗaya. In kika yi kuskuren awo kika koma ciko bayan sati biyu, ranar da aka rataya su gefe da gefe rana ta haska, mai ɗakin za ta gani.

Shi ya sa awo ne uwar sana'ar nan, bari in ɗan zauna a kai. Ki sayi tef na ƙarfe irin na kafintoci, ba na tela mai lanƙwashewa ba. Ba tagar ake aunawa kawai ba, ƙarfen da za a rataya labulen ake aunawa, kuma ƙarfen yana wuce taga da kamar inci 6 kowane gefe. Misali taga mai faɗin ƙafa 5, inci 60 ke nan, kin ƙara 6 nan 6 can ya zama 72, wato yadi 2 cif tunda yadi ɗaya inci 36 ne. To ba yadi 2 za ki saya ba, in kika yi haka labulen zai fito a shimfiɗe ba tattara ko ɗaya, sai kin ninka sau biyu ko biyu da rabi, yadi 4 zuwa 5 ke nan kafin ya yi cikar nan da mata ke so. Wannan lissafin na yadi mai tsayi ne, wanda faɗinsa ke kai santimita 280, shi ana juya shi ne faɗin ya zama tsayin labule daga sama har ƙasa ba haɗi. Akwai kuma mai santimita 150, shi dole a yanka shi falle-falle a haɗa, tagar nan ɗaya sai ta ci falle 3, in tsayin ya kai ƙafa 9 kowane falle yadi 3 ne da ɗan ƙari na kalmasa, kin ga an doshi yadi 10. Sai a ce miki wannan ya fi araha a yadi ki yi murna, alhali in kika buga lissafi shi ya fi cin kuɗi. Kullum ki fara tambayar faɗin yadi kafin ki tambayi farashi.

Batun wane iri ya fi tafiya kuwa, gaskiya ya danganta da ɗakin. Falo an fi son biyu a haɗe, mai shara-shara a ciki da mai kauri a kansa, da rana a zuge mai kaurin haske ya shigo amma na waje ba ya ganin na ciki. Ɗakin kwana mai tare haske ake nema, kuma gwajinsa ba wuya, ki kunna tocilan ɗin wayarki ki manna a bayan yadin, in haske ya ɓullo sosai to ba shi ba ne ko me mai shago ya ce. Karan-miski yana da kyau a hoto kuma amare na sonsa, amma ki gaya wa kwastoma gaskiya, da hunturu ya shigo ƙura yake sha kamar me, ga nauyi wajen wanki, wadda ba ta da mai taya ta aiki za ta gaji da shi. Tagar da ke kallon yamma rana na dukanta tun azahar har la'asar sakaliya, kala mai duhu a nan saurin koɗewa take, sai dai a sa masa shafi a baya, kuma shafin kuɗi ne daban ki saka a lissafi. Kicin kuwa gajere mara nauyi, nesa da gas.

Samfur ɗin da kika sayo ki yanki ɗan ƙyalle daga kowanne ki auna shi ki wanke, ki ga ko yana zuba ko yana tsukewa. Araha ba ta ado, kuma kwastoma ba dila za ta zaga ba, ke za ta zaga.

Inda na yarda ki ajiye kaya shi ne labulen ƙofa. Ƙofofin ɗakunanmu kusan girmansu ɗaya ne, kuma a gidan Bahaushe ƙofa ba ta zama ba labule, yara na kama shi da hannun miya, ana wanke shi kullum, yana saurin mutuwa ana sake wani. Wannan ki ɗinka kaloli masu shiga da komai ki jera su kusa da zannuwan gadonki, shi zai riƙa kawo miki kuɗin yau da gobe.

Sai farashi. Yawancin yadin nan daga Sin da Turkiyya ake shigo da shi, da dala ake sayo shi, kuma kin ga abin da ya faru tun watan Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Dila yana iya canza miki farashi tsakanin Litinin da Alhamis. Saboda haka duk kuɗin da kika faɗa wa kwastoma ki ce mata na kwana uku ne, in ya wuce sai kin sake tambaya. Kuma ki rubuta komai ɗaya bayan ɗaya, yadi, mai shara-shara, shafi, zobba, ƙarfe da maƙalansa, kuɗin tela, kuɗin yaron da zai huda bango ya kafa, waybil, kuɗin Napep ɗin da kika hau zuwa awo. Mata da yawa masu sana'a a gida a yadi kaɗai suke ɗora riba, sauran su yi ta biya daga aljihu ba su sani ba, ƙarshen wata a ga ciniki ya yi yawa kuɗi babu. Ribarki a kan jimillar za ki ɗora.

Kafin alƙalami dole ne, kuma ya kai kuɗin yadi da ƙarfe gaba ɗaya, kamar kashi 70 cikin ɗari, ragowar a biya ranar kafawa kafin yaro ya sauko daga tsani. Dalili kuwa yadin da aka yanka wa tagar wata ba zai shiga tagar wata ba. Babbar kasuwarki jeren amare ce, nan kuɗi yake, kuma nan ne ake cinye jari, uwar amarya za ta riƙe hannunki ta ce Hajiya ki rufa mana asiri bayan biki in an tara gudummawa za mu cika, wani lokacin ma gwaggonki ce ko maƙwabciya, kunya ta hana ki magana. Bayan biki kowa ya watse, ke ce za ki koma kina sallama a ƙofar gida. Ki sa doka tun yau kuma ki ɗora ta a kan dila, ki ce ba ya yanka sai ya ga alat, ai ba ƙarya kika yi ba.

Ki kula da lokaci ma. Watan Sha'aban bukukuwa ke cunkushewa kowa na so a kai amarya kafin azumi, daga tsakiyar azumi kuma teloli sun nutse a ɗinkin sallah ba mai sauraronki. Ki nemi tela ɗaya da ya iya labule musamman, dan ba kowane mai ɗinka atamfa ne ya iya jera zobba su daidaita ba, ki fara gwada shi da labulen ɗakinki, in ya yi kyau kin samu hoton farko na sitatus ke nan.

Dubu 800 ɗin kuwa ni da zan raba miki, abin da bai wuce 150 ba ya tafi a samfur da tef da kuɗin mota, kamar 200 a labulen ƙofa da ƙarafa kaɗan, sauran ki bar su a asusu daban wanda ba na cefane ba, dan ranar da aka ba ki odar gida guda ki iya cike gurbi ba tare da kin ci bashi ba. In kin yi wata shida kina rubuta duk abin da aka saya, littafin da kansa zai nuna miki kala biyu ko uku da ake ta maimaitawa a unguwarku, a lokacin sai ki je ki yi cinikin bandir ɗinsu a farashin sari.